Kundin aikin rage barewar manjak a wani kurmi na gabashin Ingila

Kurmin yana yankin Kambirij. Hekta 38 ne, ƙasarsa laka ce mai riƙe ruwa, manyan itatuwansa ash da ok, ƙarƙashinsu kuma hezil. Tun kaka da kakanni ana sare hezil ɗin daga gindi yanki-yanki, a bar kututturen ya sake toho, bayan shekara bakwai zuwa goma a dawo a sake sara. Abin da ya kawo wannan aiki shi ne tohon ya daina tashi, mai cinye shi kuwa wata 'yar barewa ce da ake kira manjak.

Wanda ya san gada ya kusa sanin manjak. Tsayinta a kafaɗa wajen rabin mita ne, namiji kilo 10 zuwa 18, mace ta ɗan gaza haka. Ba ta yin garke, tafiya take kai a sunkuye baya a tanƙware, tana kurɗawa cikin sarƙaƙiya. Inda suka rabu da gada shi ne ƙahon namijin manjak yana zubewa kowace shekara, yana da fiƙoƙi biyu masu leƙowa daga leɓen sama, kuma tana haushi kamar kare. Asalinta kudancin Sin da Taiwan. An kawo ta gandun Woburn da ke yankin Bedford tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, daga nan wasu suka tsere, wasu kuma da gangan aka sake su, har ta game kudanci da tsakiyar Ingila.

14 Oktoba 2024

An zaga kurmin duka da ƙafa, an raba shi yanki shida a taswira. Ba neman ganin dabbar aka fita ba, alamunta aka bi.

Sawunta ƙarami ne, tsawonsa wajen santimita 3, sau da yawa kofato ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Kashinta baƙi ne mai sheƙi, ƙwaya-ƙwaya, tana yawan tara shi a wuri ɗaya. Turbarta siririya ce, inda ta shiga ƙayar burambul takan zama kamar rami. Wajen cizon ganye ne ake yawan ɗora wa zomo laifin da ba nasa ba, ko a wanke zomo a kama manjak. Barewa ba ta da haƙoran gaba a sama, fizga take yi, sai bakin reshen ya fito a yage. Zomo yanka yake yi a karkace, tsaf kamar da wuƙa. Akwai barewar ro, wadda ta fi manjak girma, a kurmin, ita ma fizga take, amma cin manjak yawanci bai wuce santimita 60 daga ƙasa ba, sai in ta miƙe da ƙafafun baya ko ta hau kan siririn reshe ta tanƙwaro shi da ƙirji, a nan takan kai mita ɗaya.

Yanki na 2 da na 5 sun fi lalacewa. A can cutar da ke kashe itacen ash ta buɗe sama, rana ta sauko, burambul ya yi duhu. Ga ci ga maɓoya wuri ɗaya.

28 Oktoba

An kafa kyamara goma masu ɗaukar hoto da kansu in abu ya gitta, tazarar kusan mita 200 tsakaninsu, wato kowace tana tsaron kimanin hekta huɗu. Tsayi santimita 40 daga ƙasa. Masu kafawa don manyan bareyi sukan ɗaure a tsayin ƙugu, manjak ta wuce ta ƙarƙashin idon na'urar ba a gan ta ba. An fuskantar da su arewa don kada rana ta buga cikin gilashin, an karkata kowace ta kalli turba a kaikaice daga nisan mita uku zuwa biyar. In aka sa ta kalli turba a gicciye, kafin ta farka dabbar ta wuce, sai wutsiya. Hoto uku a jere, hutun daƙiƙa 30. Batir na litiyam, domin na gama-gari yana mutuwa da wuri in sanyi ya kama. An manna sanarwa a ƙofofin shiga biyu saboda akwai hanyar jama'a da ta ratsa gefen kurmin, kuma ba kyamarar da ke kallon hanyar.

Waɗannan goman na awo ne kawai. Ba za a zuba abinci gabansu ba, ba za a matsar da su ba har aikin ya ƙare.

11 Nuwamba

An ciro katunan farko. Kyamara ta 3 ta cika katinta cikin kwana huɗu da hoton reshe ɗaya da iska ke kaɗawa. An datse duk abin da ke gabanta har mita biyu. Ta 8 agogonta ya koma shekarar da aka ƙera ta lokacin da aka sa batir, don haka hotunanta na makon biyu ba su da amfani wajen sanin lokacin fita. Daga yau sai an duba kwanan wata a fuskar kowace kafin a rufe murfi.

Ƙa'idar ƙirga: duk hotunan da kyamara ɗaya ta ɗauka cikin minti 30 ziyara ɗaya ce, sai in a fili yake cewa wata dabba ce daban. Namiji da mace ba su da wuyar rabewa, ko da ƙaho bai fito a hoton ba. Namiji yana da baƙaƙen layi biyu a goshi da suka haɗu ƙasa suka rabu sama zuwa gindin ƙaho, mace kuma baƙin tabo ne mai faɗi a tsakiyar goshi. Maza ana iya gane su ɗaya-ɗaya ta siffar ƙaho, karyayyar fiƙa ko yagaggen kunne. Mata kuwa kusan duk kamarsu ɗaya. Saboda haka adadin ziyara ba adadin dabbobi ba ne. Mace ɗaya mai zama kusa da kyamara za ta iya cika kati ita kaɗai. Abin da lissafin zai nuna shi ne hawa ko sauka daga wata zuwa wata.

Suna motsi dare da rana, amma an fi samunsu da asuba da kuma gab da magariba.

25 Nuwamba

An sare hezil na rabin hekta a yanki na 4. Rabi an kewaye shi da raga, rabi an bar shi a buɗe don a kwatanta.

Gwajin jawo manjak da abinci ma ya cika kwana goma, a wurare uku da ke nesa da kyamarorin awo, kowanne da tasa kyamarar. Abin da aka zuba: tuffa da aka tsinto ƙarƙashin itace aka rabe biyu, kilo biyu, alkama cikin mazubin da ake ciyar da tsuntsun fezan, karas, dunƙulen gishirin lasa mai ƙamshin anis, da rassan aibi, wani yaɗo mai kore ko cikin hunturu.

Tuffa ta fi komai karɓuwa, amma sai dare na uku suka fara taɓawa. Alkama suna ci, sai dai kurege da ɓera da baja, wata dabba mai haƙa rami da ke fita da dare, sun riga su, kuma bajar ta kifar da mazubin sau biyu. Karas ya bushe a wurin. Gishiri an shinshina an wuce. Kuɗin da aka kashe a kansa ya tafi a banza, ko da yake an bar shi a kan turke a ga abin da zai yi nan gaba.

Abin da kyamarorin suka nuna ya fi sakamakon abincin muhimmanci: duk namijin da ya zo cin tuffa, an riga an san shi a wannan ɓangaren. Babu wanda ya taso daga wani yanki. Manjak tana da iyakarta, ɗan tsinke nan ɗan tsinke can take ci tana tafiya, kuma a kurmi mai burambul ba ta jin yunwar da za ta sa ta bar gida. Amfanin tuffa shi ne ta tsayar da wadda dama ta nan take bi, a fili, na rabin minti. In an zuba da yawa sai ta koma zuwa da tsakar dare. Don haka an rage zuwa rabin kilo, ana zubawa da hantsi, a tsakiyar buɗaɗɗiyar hanya mita ɗaya ko biyu daga bakin turba.

9 Disamba

Guguwar Darragh ta kayar da mataccen ash a kan ragar yanki na 4, ta kwantar da wajen mita shida. Kwana biyu ke nan, kuma ga sawu a ciki. An gyara, amma kafin a rufe sai da mutum huɗu suka jeru suka ratsa cikin shingen daga wannan gefe zuwa wancan. Rufe manjak a cikin shinge ya fi rashin shingen muni, don an killace mata gona ke nan.

Tsarin ragar, tunda an sake duba ta: tsayi mita 1.5, idon raga kada ya wuce santimita 7.5 kowane gefe, a naɗo santimita 15 na ƙasa waje a danne da ƙugiyoyin ƙarfe da ƙasa. Ba tsallake ta fi yi ba, kutsawa take. Ragar tumaki mai manyan idanu takan maƙale mata a kai ko a ƙugu ta mutu a nan. An sami wuri ɗaya da baja ta tona ƙarƙashi a kan tsohuwar hanyarta. Toshewa aikin baban giwa ne, gobe za ta sake tonawa. An sa mata 'yar ƙofa mai nauyi mai lilo wadda take turawa da kai.

13 Janairu 2025

Sanyi ya tsananta makon jiya, ganyen ƙasa ya ƙare, lokacin gwajin aibi ya yi. Hanyar daga aikin Arnold Cooke ta fito, wanda ya shafe shekaru yana bin manjak a kurmin Monks Wood, nan yankin Kambirij, inda yawansu tun shekarun 1980 ya hana toho tashi ya kuma rage furannin ƙasa. Ana yanko rassan aibi 20 masu ganye, a soke su a ƙasa, layi huɗu biyar-biyar, mita ɗaya tsakani. A dawo bayan kwana ɗaya, uku da bakwai a ƙirga waɗanda aka ci. A yanki na 2 an ci 14 a daren farko, kwana na uku babu ganye ko ɗaya. A yanki na 6, inda ƙasa take fili, uku kawai aka taɓa cikin mako. Ba ya cin ko kwabo, kuma ana iya maimaita shi a wuri ɗaya kowace shekara. Sai dai a duba bakin cizon, kada a ƙirga na zomo.

An kuma kafa kujerun sama huɗu, wato tsani mai kujera da ake jinginawa a itace, tsayi wajen mita uku da rabi. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin wannan babu tudun da zai tare harsashi, dole harbi ya zo daga sama ya nutse a laka. Kowace kujera an auna nisan hanyoyin da take kallo an kafa fegi a mita 40 da 70. An ja wa kowace iyakar da ba a harbi ta wajenta, musamman ɓangaren hanyar jama'a. Biyu na iskar kudu maso yamma ne, wadda ta fi yawa a nan, biyu na ranar da ta juya gabas.

3 Fabrairu

Lokacin harbin fezan na maƙwabta ya rufe ranar 1 ga wata, kurmin ya yi shiru, an fara ragewa. Maharba biyu ne, duka suna da takardar shaidar DSC1, wato ta horon farautar barewa matakin farko, da lasin bindiga, da izinin mai ƙasa a rubuce.

Dokar bareyi ta 1991 ce ke aiki. An hana tarko, an hana guba, an hana harbi daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta sai da lasi na musamman daga hukumar Natural England. Ga manjak, faɗin bakin bindiga kada ya gaza .220 na inci, harsashi kada ya gaza giren 50, wato giram uku da 'yan kai, mai buɗewa in ya shiga jiki, ƙarfinsa a bakin bindiga aƙalla jul 1,356 (jul ma'aunin ƙarfi ne). A nan .243 ake amfani da ita, saboda ta cika sharaɗin barewar ro ma. Kamawa da rai a kai wani wuri ba hanya ba ce: tun Disamba 2019 doka ta hana sakin manjak a daji, ko da wadda aka yi jinyarta ce.

Manjak ba ta da watan da aka hana harbinta, kuma dalilin shi ne tushen wahalar aikin duka. Ba ta da lokacin haihuwa. Ciki wata bakwai ne, ɗa ɗaya, kuma cikin 'yan kwanaki da haihuwa namiji ya sake hawanta. 'Yar da aka haifa kan ɗauki nata cikin tun ba ta cika shekara ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ma'ana, kusan kowace babbar mace ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko duka biyun, a kowane wata na shekara. Ƙaramin ɗan kuma ba bin ta yake ba, kwance yake cikin ƙaya inda ta ɓoye shi. In aka harbe uwar, yunwa ce za ta kashe shi.

Ƙa'idar da ake bi ke nan. Mace mai tsohon ciki, wadda cikin ya fito sosai, ita ake ɗauka, domin ɗanta na baya ya riga ya isa ci da kansa. Budurwar da ba ta taɓa haihuwa ba, ita ma. Siririyar babbar mace mai faɗaɗɗen ciki a bar ta. Wadda namiji ke bi a guje hanci a gindinta a bar ta, alama ce ba ta daɗe da haihuwa ba. Ga wanda bai saba ba abin yana da nauyi a zuciya, harbin mai ciki, amma shi ne mafi sauƙin cuta a cikin zaɓin da ake da shi. In akwai shakka ba a harbi.

24 Fabrairu

Zama goma sha ɗaya, an sami shida: maza huɗu, mata biyu.

Manjak ba ta tsayawa. Takan tsallake hanya mai faɗin mita huɗu cikin daƙiƙa uku. Bindiga tana kan madogara tun kafin ta fito, in ta shigo fili sai a yi 'yar ƙara da baki, ta ɗaga kai, a nan ne damar. Ƙirji ake nema, bayan ƙafar gaba kaɗan, wurin bai fi tafin hannu ba, don haka ba a wuce fegin mita 70. Daga sama harsashi gangarowa yake, sai a ɗan ɗaga wurin shiga don ya fita ta inda ya dace.

An gwada abin kira na roba, Buttolo, wanda don barewar ro aka yi shi. Matsa biyu ko uku a hankali, a yi shiru minti biyu, a sake. In minti goma sha biyar sun wuce ba komai, a bari. Sau biyu namiji ya zo a guje. Sau ɗaya mace ta zo, kuma ba a harbe ta ba: kukan yana kama da na ɗa, macen da ta rugo gare shi mai yiwuwa tana da ɗa a kwance. Sau uku kuma dabbar ta zagayo ta bayan iska, ta ji warin mutum, ta tsaya cikin duhu tana haushi kusan minti ashirin. Daga nan zaman ranar ya tashi. Kujerar yanki na 5 an yi kira a kanta sau huɗu cikin mako biyu, yanzu ba mai amsawa. An hutar da ita wata guda.

Ɗaya ta ruga bayan harbi ta shige burambul. An jira minti goma sha biyar, an duba wurin da ta tsaya, jini ja mai kumfa, alamar huhu. Kare ya same ta a mace mita 30 daga wurin. Kare yana kan igiya a irin wannan bibiya, domin namiji mai rauni yana yanka kare da fiƙa.

17 Maris

Jimla goma sha uku: maza takwas, mata biyar. Lissafin ya karkace. Namiji ya fi yawo, ya fi amsa kira, ya fi sauƙin yanke hukunci a kansa, shi ya sa ya fi yawa a littafi. Amma namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, kuma in an ɗauke shi wani saurayi zai gaje wurinsa cikin makonni. Mata ne ke ƙara yawa. Daga yanzu a kujerun yanki na 2 da 5, in namiji ya fito da farkon zama a ƙyale shi a jira.

Kowace gawa ana fitar da kayan cikinta nan take, a duba huhu, hanta da kaluluwar wuya da ta hanji saboda tarin fuka na shanu, wanda dole a kai rahotonsa in an ga alama. Ba a ga komai ba. Ana rubuta jinsi, nauyi, yanki, lokaci, ko akwai ɗan tayi da tsawonsa, ko akwai nono a hantsa. Cikin mata biyar, ɗaya an same ta da nono. Kuskure ne, an rubuta shi a matsayin kuskure, an koma wurin da kare da na'urar hangen zafin jiki kwana biyu a jere ba a sami ɗan ba. Naman ana sanyaya shi ya sauka digiri 7 ko ƙasa. Fatar manjak tana manne da nama, fiɗarta ta fi ta ro wuya, gara a yi ta da wuƙa a hankali.

Gwajin aibi na biyu a yanki na 2: tara cikin 20 a daren farko, an cinye duka a kwana na bakwai.

14 Afrilu

Bulubel, shuɗin furen da ke fitowa a ƙasan kurmi, ya buɗe. A yanki na 2 har yanzu ana ganin kawunan da aka fizge a bakin turba, amma ba kamar yadda masu kula da kurmin suka saba gani ba. Ziyara a kyamarorin tsakiya ta ragu. A kyamara ta 1 da ta 9, na bakin iyakar gabas, ta ƙaru, kuma akwai maza biyu da ba a taɓa gani ba. Ta shingen itatuwan da ya haɗa kurmin da na maƙwabta suke shigowa. Hekta 38 ba ta isa a rage manjak ita kaɗai ba, ana ɗiba ana cikawa. An yi magana da masu gonaki biyu na gabas, ɗaya ya yarda a kafa kujera a bakin shingensa, ɗayan ya ce sai bayan girbi.

19 Mayu

Ganye ya rufe, daga kujera ba a ganin abin da ya wuce mita 30 sai a kan hanya. Na'urar hangen zafi tana nuna akwai dabba, ba ta nuna ko mai ciki ce, ba ta kuma nuna siririn reshen da zai karkatar da harsashi. Don gano wuri ake amfani da ita kawai. An rage zama zuwa ɗaya a mako, an yanke ciyawar hanyoyi biyu don a riƙa ganin ƙafa da ciki.

Maza sun fara zubar da ƙaho, don haka jerin sunayen da aka yi musu ta siffar ƙaho ya rushe sai sabo ya fito ya bushe wajen Agusta ko Satumba. Tuffa ba ta da kasuwa yanzu, ga ɗanyen ganye ko'ina. An daina zubawa. An yi wata biyu ba ruwan kirki, sai sawu ya taru a bakin 'yar tafkin yanki na 3. An matsar da kujera ɗaya can. Kaska ta yi yawa, ana duba jiki bayan kowace fita saboda cutar Lyme.

16 Yuni

An auna toho a yanki na 4, kututture 20 cikin raga, 20 a waje, waɗanda aka sa wa lamba tun Nuwamba. A kowanne an ƙirga rassa, an ƙirga waɗanda aka ci kansu, an auna mafi tsawo. Cikin raga babu cizo, yawanci sun wuce ƙugu. A waje kusan rabin rassan an ci kansu, amma 13 cikin 20 suna da aƙalla reshe uku da suka haura santimita 70 ba a taɓa su ba. Bakwai ɗin da suka zama kamar tsintsiya duk suna gefen da ke jingine da burambul. Abin da ake so shi ne kafin Oktoba mafi yawan kututturen waje su sami rassan da suka wuce mita 1.2, inda baki ba ya kaiwa ko ta tanƙwaro.

Jimla zuwa yau goma sha tara, maza goma, mata tara. Ragar za ta zauna aƙalla shekara biyu. Makon gobe za a sare burambul mai faɗin mita uku a gefen yanki na 4 bayan an duba babu sheƙar tsuntsu a ciki, in akwai kuma a ɗaga zuwa Satumba. Kyamara ta 6 ruwa ya shiga ta, an aika a sayo wata. Awon toho na gaba 15 ga Satumba.